Martina Mai Kati, Wadda Ba Ta Haɗa Azumi da Azumi

Tun kafin masu ƙosai su kwashe kaskon farko, Martina ta riga ta wuce tasha. Laima a hammata ko da rani ne, 'yar jaka a hannu, tafiya irin ta wadda ta san ana jiranta. Daga gidan hayar da take zaune a Birnin Kudu zuwa ɗan asibitin da ke kan hanyar Gwaram akwai tazara, amma sai ruwa ya tsuge take hawa acaɓa. Ba zan kira sunan asibitin ba, masu shi sun san kansu. Tana isa za ta share ɗakin kati da kanta, don ta ce mai shara ba ya bambanta katin da ya faɗo da takardar banza. Sai ta tura ƙyauren 'yar tagar katako, ta jawo kujerarta da aka tokare ƙafa ɗaya da bulo, ta ajiye abu biyu a gabanta: babbar rajistar asibiti a dama, da ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare a hagu. Na daman shi aka ɗauke ta aiki ta cika. Na hagun ba wanda ya sa ta.

Haka ta yi shekara talatin da biyu. Ƙarshen watan jiya ta cika sittin, aka yi mata ritaya. An sayo lemon kwalba, an ba ta agogon bango, shugaban asibitin ya yi jawabi mai daɗi, a cikinsa ya kira ta Maryamu har sau biyu. Littattafan hagun nan kuwa, guda arba'in da ɗaya, aka ce ta kwashe abinta, ɗakin za a yi masa fenti a sa kwamfuta. Yanzu suna cikin kwalayen taliya uku a ƙarƙashin gadonta. Nan da kwana goma sha biyu 'yarta Charity za ta zo da mota ta tafi da ita gida, can kudancin Kaduna, kuma in ba a sami wanda ya zo ya karɓi kwalayen nan ba, gara ce za ta gaje su. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ni Abdulsamad, mutumin Kangire. Zan kuma faɗa tun yanzu, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a cikin waɗanda suka cuci matar nan har da ni.

Wanda bai tashi a ƙauyukanmu ba sai an yi masa bayani. Daga Maruta har Farin Dutse, har Kangire tamu, katin asibiti ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne. Ana buɗe shi da sunan uwargida ko maigida, a naɗe shi a leda, a jefa cikin kwallar uwargida tare da takardar gona. Duk wanda jikinsa ya ƙi daɗi sai a ciro a miƙa masa. Maƙwabta ma suna zuwa aro, kamar yadda ake aron turmi. In aka kira sunan da ke jiki, mai riƙe da shi sai ya ce “Na'am,” kuma a zuciyarsa bai yi ƙarya ba, ai katin aka kira. Ka ce wa matar ɗa ta buɗe nata, sai ta sunkuyar da kai, domin a gida za a ce ta raba tukunya. Ka tambaye ta sunan mai katin, surukarta ce, bakinta ba zai iya furtawa ba. Ka tambayi uwa sunan wanda ta rako, in ɗanta na fari ne, sai ta kalli bango.

Martina ta zo mana shekara guda bayan an yanke Jigawa daga Kano, lokacin da ake neman duk wanda hannunsa ya iya rubutu mai kyau. Mijinta ta biyo, Cornelius, kafinta ne da ya zo aikin rufin sababbin ofisoshi. Kabarinsa yana nan Birnin Kudu, yau shekara goma sha ɗaya. Ba ta san komai game da aron kati ba, kuma ba wanda ya gaya mata, saboda mu a wurinmu ba labari ba ne.

A shekararta ta biyu wani manomi daga Farin Dutse ya miƙo kati ta taga. Ta kira suna, ya amsa, ta tura shi ciki. Katin ya nuna mai ciwon suga ne, an rubuta a ci gaba da ba shi ƙwayarsa. Malamin asibitin da ke aiki ranar mutum saba'in ke jiransa, bai ɗago kai ba, ya ƙirga ƙwaya ya miƙa. Bayan kwana uku labari ya zo cewa an tsinci mutumin a gindin ɗorawa a gonarsa, rai ya yi halinsa. Martina ta ja layi a kan katin na asibiti, ta yi masa addu'a irin tata, ta mai da shi can ƙasan akwati. Wata ɗaya bayan nan sai ga wani dattijo a taga, riƙe da kati mai wannan lambar dai.

“Baba, mai wannan katin ai ya rasu,” in ji ta.

“Ni ne mai shi, 'yar nan. Wanda ya rasu ƙanena ne, Ɗan'azumi. Zazzaɓi ya dame shi da jiri, na ba shi aro ya zo.”

Ɗan'azumi ba shi da ciwon suga. Ƙwayar yayansa aka ba shi, ya haɗiya da safe ba karin kumallo, ya tafi noma, suga ya faɗi ƙasa, shi ma ya faɗi. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce kwanansa. Amma Martina ta gaya mini, shekaru da yawa bayan nan, cewa har yau in ta wuce ɗorawa sai ta kawar da kai. “Ni na kira sunan,” in ji ta. “Ya amsa, na yarda. Ban dubi fuskarsa ba.” Washegari ta biya kasuwa ta sayi littafi na farko.

Da farko tambaya take yi kai tsaye, “Kai ne mai katin?” Kowa ya ce shi ne. Ta kai ƙara wurin manya a hana aro, aka yi mata dariya, aka ce ta fara hana aron gatari tukuna. Sai ta zauna ta koye mu, fiye da yadda muka taɓa zama muka koyi kanmu. Ta gane cewa Bahaushe zai iya ɓoye maka abu da yawa, amma ba zai ƙi amsa gaisuwa ba.

Mas'uda ta Maruta ita ta ba ni labarin zuwanta na farko, shekara goma da suka wuce. Talata ce, ranar masu ciwon suga. Ta miƙa kati mai lamba 412, sunan da ke jiki Azumi Buba. Martina ta san Azumi, dattijuwa ce kakkaura mai raha, in ta zauna sai benci ya yi ƙara. Hannun da ya miƙo katin kuwa siriri ne, awarwaro yana yawo har gwiwar hannu. Martina ta lura da hannun. Ta karɓa da murmushi.

“Sannu da hanya, 'yata. Ya mai katin, ta tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Inna, tana gaishe ki.”

“Ina amsawa. Ƙafar tata ta saki?”

“Da sauƙi.”

“Madalla. To ke fa, kafin a kawo ki Maruta, da wane suna kakarki take kiranki?”

Mas'uda ta ce sai da ta faɗi sunanta sannan ta gane an kama ta, kuma ba ta ji kunya ba, don ba a ce ta yi ƙarya ba, ba a kuma sa ta kira sunan surukarta ba. Martina ta rubuta a littafin hagu: ranar kaza, kati 412, ba Azumi ba ce, matar ɗanta ce Mas'uda, kimanin shekara talatin, ramammiya, tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Sannan ta yagi guntuwar takarda, ta rubuta “Ba mai katin ba ce,” ta soke ta a jikin katin da tsinken tsintsiya don likita ya gani. Wani likitan yana karantawa, wani yana cirewa ya yar. Akwai shugaban da ya taɓa ba ta takardar gargaɗi a kan tana huda katunan asibiti. Ta karɓa, ta ce ta gode, washegari ta ci gaba.

Mas'uda da gaske tana da ciwon suga, sai dai ba irin na surukarta ba. Ƙishirwa ba ta barinta, tana ta ramewa. Ranar da aka yar da guntuwar takardar nan, ƙwayar Azumi ake ba ta, a haɗa mata da nasihar Azumi. “Malam,” in ji ta, “ni da iska ke neman ɗauka, aka ce in rage tuwo in rage ƙiba. Na ce to. Ina ƙibar take?” Ƙwaya ba ta yi mata komai ba. Wani zuwan aka ce ai irin na yara ne da ita, aka ɗora ta a kan allurar insulin mai yawa, ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. Allah Ya sa akwai mutane, aka ɗura mata ruwan rake. Irinta suna da yawa a littattafan Martina, matasa ramammu, manoma da matan manoma, waɗanda ciwon da ake ce wa na masu kuɗi ya kama ba su taɓa ganin kuɗin ba.

Ana nan sai ga masu bincike. Gamayya ce ta jami'o'i, wasu na gida wasu na ƙetare. Abin da suke son sani shi ne ko ciwon suga iri ɗaya ne, ko kuwa iri-iri ne da aka tara a ƙarƙashin suna ɗaya. Dabararsu ita ce su haɗa bayanan marasa lafiya daga asibitoci goma sha ɗaya wuri guda, su bi kowane mutum shekara uku, duk wata uku a auna shi a ɗebi jininsa. A cikin jini akwai alamomi: wata tana nuna yawan insulin da jikin mutum yake iya yi da kansa, wata tana nuna ko jikin ne ya juya yana yaƙar kansa. In aka tara dubban mutane, masu kama da juna za su ware gefe guda. Aiki ne mai kyau, har yau ban ce ba shi da kyau ba. Jagoransa a wurinmu Dakta Shehu ne, mutumin kirki mai sauri, yana zuwa daga Kano sau biyu a wata. Ni kuma na bar koyar da lissafi a sakandare na karɓi aikin shigar da bayanai a kwamfuta.

An kai mu horo na kwana huɗu a otal, har direbobi an tafi da su. Martina ba a gayyace ta ba. Ranar da aka fara ɗiban jini ta ga ana liƙa lambar kati a jikin kowace 'yar kwalba, sai ta tari Dakta Shehu a bakin mota.

“Likita, ka yi haƙuri. Lambar kati ba mutum ba ce a nan.”

“Madam, ki bar mana wannan,” in ji shi yana dariya. “Ke dai ki riƙa fito mana da katin da wuri.”

Ina tsaye a wurin. Na yi dariya ni ma.

Shekara uku aka yi ana aiki. Jini yana tafiya a cikin ƙanƙara, ni ina bugawa. Da aka haɗa namu da na sauran wurare sai ga saƙo daga can sama, wurin manyan gamayyar, mai ladabi kamar mari da safar hannu. Sun ce a cikin mutanenmu akwai waɗanda ba a taɓa halittar irinsu ba. Misalin da suka kawo shi ne kati 412. Azumi Buba tana da nauyin kilo casa'in da ɗaya a watan Janairu, arba'in da uku a Afrilu, tamanin da takwas a Yuli. Tsawonta ya ragu da taƙi guda ya dawo. Jikinta yau yana yin insulin har ya yi yawa, gobe da ƙyar yake ɗiga. Rukunin jininta ma ya sauya sau uku. Irin wannan ya cika katunan ɓangaren Gwaram, guda ɗari shida da goma sha huɗu. Suka ce ko dai sakaci ne, ko ƙage, don haka za su zubar da bayananmu gaba ɗaya, sai dai in muna da abin cewa cikin wata biyu.

Dakta Shehu ya ce in rubuta bayani. Ni na san amsar. Ni da aka ɗinke mini goshi ina ɗan shekara tara da katin kawuna, a takarda ni magidanci ne mai mata da 'ya'ya shida. Amma na kasa buɗe baki in gaya wa farfesoshin duniya cewa mutanena aron kati suke yi kamar turmi. Na ji kunyar uwata da 'yan uwana, kunyar banza, irin ta ɗan boko. Sai na nemi katangar da ta fi gajarta. Na rubuta cewa matsalar daga ɗakin kati take, ma'aikaciyar ba ta da isasshen ilimi, tana cakuɗa katuna. An karanta wannan a taron ma'aikata, tana zaune a bencin baya da laimarta a cinya. Ko kallona ba ta yi ba.

Washegari da hantsi na ji ƙarar baro a baranda. Ta aro shi daga masu gini, ta lodo littattafanta, ta turo har bakin teburina. Ta ciro ɗaya, ta buɗe ba tare da ta yi bincike ba.

“Malam Abdulsamad, buɗe 412 a injinka. Sha huɗu ga Janairu.”

Na buɗe.

“Azumi ce da kanta. Goma ga Afrilu, Mas'uda ce, matar ɗanta. Yuli, Azumi. Oktoba, maƙwabciyarsu ce Zahara'u, mai haƙorin Makka. Mata uku ne ka dafa a tukunya ɗaya. Ni ban yi makaranta kamarka ba, amma na san kayan aro ba ya rufe katara.”

Wannan kaɗai ta faɗa a kan abin da na yi mata, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Sati bakwai muka yi. Ta tashi daga taga ƙarfe biyu, ta zo ta zauna gefena har la'asar sakaliya, tana karantawa ina rarrabewa, kwalba bayan kwalba, rana bayan rana. Inda ruwan sama ya taɓa jiƙa shafi, ko inda ta yi shakka, ba ta yarda mu yi cinta ba. Ranar Asabar sai ta hau acaɓa ta tafi Maruta ko Farin Dutse ko Gwaram Tsohuwa, tsakiyar damina, ta shiga gida-gida tana gaishe da masu kati, tana duba tabo da tsage da giɓin haƙori. Ranar Lahadi daga coci take wucewa. Sau ɗaya ta dawo da zane jiƙe har ƙugu, littafin kuwa a bushe, don a ka ta ɗauro shi. Da muka gama, katuna ɗari shida da goma sha huɗu sun zama mutum dubu da saba'in da uku, kowa da sunansa, aka kuma koma aka nemi yardar kowa da bakinsa.

Aka sake haɗa namu da na sauran, sai abin da ake nema ya fito. Sauran asibitocin na birane ne, ramammu irin Mas'uda ɗaiɗai ne a cikinsu, ba su isa a gan su ba. Mutanenmu ne suka cika gurbin. Fiye da ɗari biyu suka ware gefe guda: matasa, marasa jiki, yawancinsu an haife su ko an yaye su a shekarun da fari ya cinye gonaki. Jikinsu yana yin insulin kaɗan, bai daina ba, kuma babu alamar yana yaƙar kansa. Ba irin na masu ƙiba ba ne, ba kuma irin na yara ba. Zurfin maganar likitoci suka sani. Abin da ni na gani da idona shi ne an sauya wa Mas'uda magani, allura 'yar kaɗan, aka ce ta ci ta ƙoshi, kuma cikin shekara guda awarwaronta ya daina wuce wuyan hannu.

Saura kati. Martina ta san in Mas'uda ta ci gaba da zuwa da 412, wata rana za a sake yar da guntuwar takarda. Sai ta buɗe sabon kati da sunan Mas'uda, amma ba ta ba ta ba. Ta ɗauka ta tafi Maruta wurin surukar.

“Ke Mai Kati,” in ji Azumi, “raba mini gida kika zo yi?”

“Haba Yaya. Kwallarki na zo cikawa. Da ɗaya kike riƙewa, yanzu biyu za ki riƙe. In za ta zo, ke za ki ciro ki ba ta.”

Azumi ta juya katin, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan mata ta fi 'yan siyasa wayo. Ta naɗe shi a leda ɗaya da nata. Gidaje wajen tamanin Martina ta shawo kansu ta wannan hanya. Sauran suna nan yadda suke.

Bayan shekara biyu takardar binciken ta fito a wata babbar mujallar likitoci. Marubuta arba'in da bakwai. An yi taro, an tafa, an ƙara wa wasu girma, wasu sun hau jirgi sun je sun yi bayani. A ƙarshen takardar akwai ɗan sashen godiya. An gode wa kamfanin da ya ba da firiza. An gode wa Malam Abdulsamad, da cikakken sunana har da na ubana, saboda “ƙoƙarinsa wajen tace bayanai.” Daga nan sai layi na ƙarshe: “da ma'aikatan ɗakin kati.” Ma'aikatan! Ita kaɗai ce a ɗakin nan shekara talatin, sai ɓeraye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na rubuta wa Dakta Shehu, ya ce wallahi mantuwa ce, kuma an riga an buga. Na yarda mantuwa ce, kuma wannan ya fi ci mini rai, don da gangan ne da aƙalla an tuna da ita.

Na buga takardar na kai mata, ina jin kamar in nutse. Ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa har ƙarshe, ta ɗago ta yi murmushi.

“To, madalla,” in ji ta. “Mu ma an buɗe mana katin gida.”

Ke ce, Martina. Ke ce baƙuwar da ta san mu fiye da 'yan gari. Mai kati, ba ki haɗa Azumi da Azumi. Ba danginki ba ne, ba addininku ɗaya ba, wasunsu ko kofinki ba za su sha ruwa da shi ba, amma kin san wadda ke da tabon ƙuna da wadda ke da giɓi, kin san wanda ya zo da katin yayansa da wanda ya zo da na maƙwabci. Mutum ɗaya ya mutu a gindin ɗorawa, kika ɗauki alhakin da ba naki kaɗai ba, kika yi shekara talatin kina biya. Mu da muka yi karatu muka kalli allo, ke kika kalli fuska. Na ce ba ki da ilimi a gaban jama'a. Ga shi yau ina janyewa a gaban jama'ar da ta fi waccan yawa, ko da yake na san an makara.

Shekaranjiya na je gidanta. Ta ɗaure tukwane, ta raba kaji ga maƙwabta. Na ce ta ba ni kwalayen in ajiye a ɗakina, in ma sa su a kwamfuta. Ta girgiza kai.

“Kai ba ka zama a taga, Malam. Littafin nan ba na ajiya ba ne. Na wanda zai zauna ne ya buɗe shi in an miƙo kati, ya kuma ci gaba da rubutawa. Na arba'in da ɗaya ma rabinsa fari ne. In babu mai zama, gara da kai duk ɗaya ne.”

Ban ji daɗin maganar ba.

Ranar Talatar da ta wuce na je asibitin don in gani da idona. Ɗakin ya sha fenti. An sa gilashi a tagar, an bar 'yar kafa a ƙasa wadda hannu kawai ke shiga. Wanda ke kujerar mutumin kirki ne, yana da sauri, ba ya ɗago kai, don ba wanda ya ce masa akwai abin kallo. Ina tsaye aka miƙa wani tsohon kati a leda. Ya buga lamba, ya ɗaga murya: “Azumi Buba!” Wata yarinya mai tsohon ciki, ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta ce “Na'am,” ta wuce ciki.

Azumi Buba ta rasu bara da kaka. Martina ta je ta'aziyya, na raka ta. Amma katin bai mutu ba, ya ma ƙara farin jini, don a Maruta an ce kati ne mai sa'a, da shi Mas'uda ta fara zuwa ta warke. Mutuwar tana rubuce a littafin hagu, amma kwamfuta ba ta san an yi jana'iza ba. A wurinta Azumi tana nan, shekara saba'in da huɗu, kakkaura, a ci gaba da ba ta ƙwayarta. Na bi yarinyar da gudu har ƙofar likita, na yi bayani, aka dube ni kamar mai taɓin hankali, amma aka saurare ni. Wannan Talata ɗaya ce. Ni ba kullum nake zuwa ba.

Mun gode, Inna Mai Kati. Mas'uda ta ce in gaya miki ta gode, da ita da 'ya'yanta huɗu. Mutum dubu da saba'in da uku sun gode, har da waɗanda ba su san an taɓa yunƙurin zubar da su ba. Allah Ya kai ki gida lafiya, Ya ba ki hutun da mu ba mu ba ki ba, Ya saka miki da abin da ya fi agogon bango.

Ku kuma da kuke zaune a tagogi, daga Birnin Kudu har Gwaram, ba digiri aikin nan yake nema ba. Gaisuwa ce, da biro, da ɗago kai. Gidanta yana bayan tasha, kowane ɗan acaɓa ya san shi, ƙofa a buɗe take, kwalaye uku suna ƙarƙashin gado, saura kwana goma sha biyu. Ranar Talata mai zuwa za a sake kiran Azumi Buba, kuma wata za ta amsa. Allah Ya sa a sami mai tambayarta ko mai katin ta tashi lafiya.